Filin Manoma: Tabar Wiwi Ba Gyaɗa Ba Ce

In kaka ta yi, aka kai amfanin gona gida, manomi ya kan zauna ya yi lissafi. Ya ɗora kuɗin taki a kan na ƙwadago, ya ƙara da na maganin feshi, sa'an nan ya dubi abin da buhun gero ko na wake ya ke yi a kasuwar Ƙauran Namoda ko ta Shinkafi. Sau da yawa lissafin ba ya fita. To, a irin wannan zama ne wata magana ta kan faɗo, musamman daga bakin samari masu sauraron rediyo da duba waya. Su kan ce, ai ga waɗansu ƙasashe can sun halatta tabar wiwi, Gwamnati tana karɓar haraji, manoma suna cika aljihu. Me zai hana Nijeriya ta bi sahu, ƙasar Zamfara ta sami abin da zai maye gurbin gyaɗa?

Dattawa su kan yi tsaki su kau da kai. Amma tsaki ba amsa ba ne, zama maganar ta kai har Majalisar Wakilai a Abuja. Saboda haka ta cancanci a auna ta kamar yadda manomi ya ke auna kowane sabon iri kafin ya zuba shi a rami. Wa zai saya? A kan nawa? Wa zai riƙe ma'auni? Wa zai tsare gonar?

INDA DOKA TA TSAYA

Tabar wiwi ba tsohon amfanin gona ba ce a ƙasar Hausa. Masana tarihi suna cewa ta yaɗu a Nijeriya ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta hannun sojan da suka komo daga Indiya da Bama, da kuma ma'aikatan jiragen ruwa. A 1966 Gwamnatin soja ta kafa doka mai tsanani, wadda ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga wanda ya shuka ta. A 1975 aka sassauta, aka cire kisa. A 1989 aka kafa Hukumar Yaƙi da Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi, wadda a ke kira NDLEA. Har gobe shuka ta laifi ne, sayar da ita laifi ne, shan ta ma laifi ne. Manyan gonakinta na ɓoye kuwa ba a Arewa su ke ba, suna cikin dazuzzukan Ondo da Edo da maƙwabtansu, daga can a ke ɗauko ta cikin motoci, a ɓoye ƙarƙashin kaya.

A 2019 Gwamnan Ondo na lokacin, marigayi Rotimi Akeredolu, ya je ƙasar Tailan ya ga yadda su ke yi, ya komo yana kira a yarda a noma ta don magani da fitarwa waje. A watan Maris na 2023 aka kawo wani ƙudurin doka mai kama da haka gaban Majalisar Wakilai, wakilai suka yi masa ca, aka jingine shi. Janar Buba Marwa, wanda ya kama shugabancin NDLEA a 2021, ya sha faɗin cewa ba ya goyon bayan a halatta shan ta. Ya kamata kuma a sani, sha'anin magunguna da ƙwayoyi na Gwamnatin Tarayya ne. Ba wata jiha da ke da ikon halatta ta ita kaɗai.

HUJJAR MASU SO

Gaskiya ce a faɗi, masu son a halatta suna da hujja, ba kuwa ƙarama ba. Sun ce shekara kusan sittin ke nan ana kamawa ana ɗaurewa, amma abin bai ragu ba. Binciken da Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa ya yi a 2018, tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, ya nuna mutum miliyan 14 da dubu 300 ne suka taɓa wata ƙwaya a cikin shekara guda, daga cikinsu miliyan 10 da dubu 600 tabar wiwi suka sha. Duk kuɗin da waɗannan mutane su ke kashewa, aljihun masu laifi ya ke shiga, Gwamnati ba ta ganin ko anini. Yaron da aka kama da ƙulli ɗaya a kan jefa shi gidan yari, ya fito ya fi yadda ya shiga lalacewa. Mai sayarwa a lungu kuma ba ya tambayar shekarun mai saye, ba wanda ya san abin da ya gauraya a ciki. Saboda haka, in ji su, gara a fito da cinikin fili, a sa masa ido, a karɓi haraji.

Wannan magana tana da kan gado. Sai dai duk nauyinta ya rataya ne a kan kalma biyu, watau sa ido. To, bari a ga abin da sa idon ya ke nufi a wurin waɗanda suka riga suka gwada.

YADDA WAƊANDA SUKA HALATTA SU KE YI

Ƙasar Yurugwai, can Amurka ta Kudu, ita ta fara, a watan Disamba na 2013. Ba ta ce kowa ya yi yadda ya ga dama ba. Duk mai son sha sai ya kai shekara 18, ya zama mazaunin ƙasar, ya je a rubuta sunansa a rajistar Gwamnati. Sa'an nan ya zaɓi hanya ɗaya cikin uku: ko ya shuka tushe shida a gidansa, ko ya shiga ƙungiya mai mutum 15 zuwa 45, ko kuwa ya saya a kantin magani, kada ya wuce giram 40 a wata. Gwamnati ce ke zaɓen kamfanonin da za su noma, ita ke yanka farashi. Duk da ƙasar ƙarama ce, mutanenta ba su kai miliyan huɗu ba, sai da aka yi shekara uku da rabi ana shiri kafin a fara sayarwa a kanti, a watan Yuli na 2017.

Kanada ta biyo baya ran 17 ga Oktoba, 2018. A can mutum ba ya yawo da abin da ya wuce giram 30, gida ɗaya ba ya shuka fiye da tushe huɗu. Mai noma don sayarwa sai ya sami lasisi, ya kewaye wurinsa, ya sa na'urar ɗaukar hoto, ya riƙa ba Gwamnati lissafin abin da ya shuka da abin da ya girbe da abin da ya sayar. Kafin kaya su kai kanti sai an gwada su a ɗakin gwaji, an rubuta ƙarfinsu a jikin ƙunshi. An kuma hana tallar da za ta ja hankalin yara. Jamus, wadda ta sassauta tata dokar ran 1 ga Afrilu, 2024, ba ta ma yarda da kanti ba, sai tushe uku a gida, ko ƙungiya mai rajista.

Mai karatu zai ga cewa halattawa ba sakin linzami ba ne. Ƙarin aiki ne a kan hukuma: rajista, ma'auni, ɗakin gwaji, masu zagayen dubawa, da kotun da za ta hukunta wanda ya sayar wa yaro. Ƙasar da ta saki linzami ba shiri kuwa ta ga sakamako. Tailan ta cire tabar wiwi daga jerin miyagun ƙwayoyi a watan Yuni na 2022, har Gwamnati ta raba tsiro kyauta. Kantuna dubbai suka tsiro kamar ciyawar damina, koke-koken iyaye da likitoci suka yi yawa. A watan Yuni na 2025 sai Gwamnati ta ja da baya, ta ce ba mai saye sai da takardar likita. Waɗanda suka zuba jarinsu suka shiga zullumi.

WA YA CI RIBAR?

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar manomi. Abu ya kan yi tsada ne sa'ad da ya ke ɓoye, zama mai saye yana biyan kuɗin kasada ne, ba kuɗin ganye kaɗai ba. Ran da aka halatta, kasada ta tafi, masu jari suka shigo, farashi sai ya faɗi. Haka ya faru a Kanada: manyan kamfanoni suka noma fiye da abin da kasuwa za ta ɗauka, har suka riƙa lalatar da tarin kayan da ba su sami mai saye ba, waɗansu suka rufe gonaki suka sallami ma'aikata.

A nan Afirka, Lesoto ce ta fara ba da lasisin noma ta don magani, a 2017. Talakawan tsaunukan ƙasar sun daɗe suna noma ta a ɓoye, amma kuɗin lasisi ya fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba. Kamfanoni masu jarin waje suka karɓa, mai gona ya zama ɗan ƙwadago, ko kuwa ya ci gaba da ɓoyonsa. Maroko kuwa ta yi ƙoƙarin tuna ƙaramin manomi. Dokarta ta 2021 ta yarda a noma don magani da masana'antu, ban da sha, a larduna uku tak na tsaunukan arewacin ƙasar, inda aka gaji noman tun kaka da kakanni. Tilas manomi ya shiga ƙungiyar haɗin kai, ƙungiyar kuma ta ƙulla yarjejeniya da mai saye tun kafin shuka. A watan Agusta na 2024 Sarki Muhammadu na Shida ya yi afuwa ga manoma fiye da 4,800 da aka tuhuma ko aka hukunta kan noman. Amma a lura, Maroko tana neman fitar da mutanen da suka riga suka nutse ne. Ba ta kai irin inda babu shi ba.

Akwai kuma wani abu da masu zancen arziki ba su cika faɗi ba. Yarjejeniyar duniya ta 1961, wadda Nijeriya ke ciki, ba ta yarda a yi fataucin tabar wiwi tsakanin ƙasashe ba sai don magani da binciken ilmi. Ita kanta Kanada ba ta fitar da ta sha waje. Ta maganin kuwa, masu saye a Turai ba su karɓa sai wadda aka noma bisa ƙa'idodi masu tsanani, galibi a rufaffen wuri, aka gwada ta sau da sau. Wannan ba aikin mai fartanya da eka biyu ba ne. Ashe in an halatta sha a Nijeriya, kasuwar manomin Ƙaura ba Ingila ba ce, ba Jamus ba ce. Kasuwarsa ita ce tashar mota, da bayan makaranta, da ɗan maƙwabcinsa, da nasa ɗan.

ABIN DA YA ƊAUKAKA GYAƊA

Nan ne bambancin ya ke. Hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau ta iso Ƙauran Namoda a 1929, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga na duk wannan yanki. Gyaɗa ta kan hau jirgi ta tafi, kuɗi su komo. Abin da ya rage a gida, mata su yi mai da ƙuliƙuli, dabbobi su ci harawa, ƙasa kuma ta sami ƙarfi don hatsin baɗi. Ba wanda gyaɗa ta taɓa gusar wa da hankali.

Ba kuwa ƙwayar gyaɗar ce kaɗai ta yi wannan aiki ba. Akwai Hukumar Ciniki mai sanar da farashi, akwai wakilan saye masu lasisi, akwai masu duba kyawun kaya, akwai malamin gona mai zagaya ƙauyuka da kekensa, akwai hanya lafiyayya da jaki zai bi da dare ba fargaba. Lalle tsarin yana da aibinsa, don sau da yawa abin da a ke ba manomi bai kai rabin darajar kayansa a waje ba. Amma dai ya san mai sayensa. Da farin shekarun 1970 ya zo, cutar kuturtar gyaɗa ta biyo baya a 1975, aka kuma rushe hukumomin ciniki a 1986, sai ginin ya zube.

Taba ma, wadda fadamun wannan yanki suka daɗe da saninta, darasi ce. Kamfanin taba da ya buɗe masana'anta a Zariya a 1959 ya kan ba manoma iri da taki bashi, ya aiko da malamansa, ya zo ya sayi ganye. Amma shi ke da ma'auni, shi ke cewa wannan lamba ɗaya ne, wannan lamba uku. Duk amfanin gonar da ba a ci, mai saye kuma ɗaya ne, to, wuƙa da nama suna hannun mai saye. In farashin gero ya faɗi, a zuba a rumbu a yi tuwo. In na tabar wiwi ya faɗi fa?

WA ZAI TSARE GONAR?

Ko da duk abin da aka faɗa a sama bai isa ba, wannan ya isa. Kowa ya san halin da ƙasar Zurmi da Shinkafi da Ƙaura ta shiga. A ƙauyuka da yawa manomi ba ya shuka sai ya biya 'yan bindiga, ba ya girbi sai ya sāke biya. A watan Satumba na 2021 har sai da aka rufe kasuwannin mako, aka katse layukan waya a jihar, don neman shawo kan abin. Inda malamin gona ba ya iya zuwa duba dawa, yaya mai duba lasisi zai je ya ƙirga tushen tabar wiwi? Inda ba a iya hana a ƙwace buhun gero mai nauyi da araha, yaya za a hana a ƙwace abin da ɗan ƙunshinsa ya ke shiga aljihu, ga kuma iyakar Nijar kusa, inda ita ma haramtacciya ce?

Zamfara ta riga ta ga abin da kaya mai tsada marar nauyi ya ke jawowa inda hukuma ba ta da ido. Zinariya ce misali. A 2010 gubar dalma daga dutsen da a ke niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum. A watan Afrilu na 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar saboda rashin tsaro, ba a ɗage hanin ba sai Disamba na 2024. Arzikin ya fito, amma talakan da ya fito daga gonarsa kabari ya gani.

Wani zai ce halattawa za ta karya kasuwar masu laifi. Ta kan rage ta a inda akwai kantin halal mai tsaro a kowane gari, ko a Kanada ma sai da aka ɗauki shekaru, har yanzu kuma kasuwar ɓoye ba ta mutu sarai ba. 'Yan bindigar dajin Zamfara kuwa ba da cinikin wiwi su ke ci ba, da satar mutane da shanu da harajin dole su ke ci. Halattawa ba za ta rage musu komai ba, sai dai ta kawo musu abin shansu bakin daji, ta ƙara musu gonar da za su aza wa haraji.

MAI SHA FA?

Likitoci sun tabbatar cewa kusan mutum ɗaya cikin goma na masu sha ya kan kamu har ya kasa bari, wanda ya fara tun yana yaro kuwa hatsarinsa ya fi haka. Yawan sha da ƙuruciya yana ƙara hatsarin taɓin hankali. Noma aikin sammako ne da juriya, gidan da majiya ƙarfinsa suka zama mashaya, gonarsa ta kan zama saura. Daɗin daɗawa, jama'ar wannan yanki Musulmi ne, jihar tana bin Shari'a tun 2000, malamai kuma sun haɗu a kan haramcin abin da ke gusar da hankali. Sana'ar da mutanen kirki ke jin kunyar karɓar lasisinta, a hannun marasa kunya za ta ƙare.

Amma a nan masu son sassauci suna da gaskiya guda, ya kamata a ba su ita. Yaron da ya kamu majinyaci ne kafin ya zama mai laifi. Ɗaure shi tare da ɓarayi ba magani ba ne. Babban asibitin masu taɓin hankali na Tarayya ya na Kware, kusa da Sakkwato, tafiya ce mai nisa da tsada ga mutumin Zurmi. Ya kamata doka ta bambanta mai sha da dillali, a tsananta wa mai kawowa da mota, a kai mai ƙulli ɗaya wurin jiyya da koyon sana'a. Ana iya yin wannan ba tare da an buɗe kanti ko ɗaya ba.

ABIN DA YA KAMATA

Na farko, duk manomin da wani ya zo masa da iri a ɓoye, da alkawarin zai saye duka, ya sallame shi tun daga zaure. Ran da hukuma ta zo, mai gona a ke kamawa, mai alkawari ya yi layar zana.

Na biyu, in har wata rana Majalisar Tarayya ta buɗe ƙofar noma ta don magani, to, wakilan wannan yanki su tsaya a kan sharuɗɗa: a keɓe wurare ƙididdigaggu inda akwai tsaro, a sa ƙungiyoyin ƙananan manoma a gaba, a rubuta farashi kafin shuka, a tanadi ɗakin gwaji, kada kuma a haɗa maganar magani da ta sha.

Na uku, shi ne babba. Abin da samarin nan su ke nema ba hayaƙi ba ne, amfanin gona mai kuɗi su ke nema, suna kuwa da gaskiya. Ga riɗi, wanda ya ke cikin manyan kayan gona da Nijeriya ke fitarwa waje. Ga zoɓo, ga waken suya, ga wake, ga albasa a fadamun Gagare, ga gyaɗar kanta da sababbin iri masu jure cuta. Ba ɗaya cikinsu da ke bukatar a sāke doka. Abin da su ke bukata shi ne abin da gyaɗa ta samu a dā: hanya mai lafiya, ma'auni na gaskiya, mai saye tabbatacce, da malamin gona da zai iya isa ƙauye ya komo gida lafiya.

Hukumar da ta iya samar da waɗannan huɗu, manominta ba zai bukaci tabar wiwi ba. Wadda ta kasa kuwa, ba za ta iya tsare tabar wiwi ba. Tsalle ɗaya a ke yi a faɗa rijiya, fitowa ita ce aiki. Allah Ya kawo zaman lafiya, Ya ba da damina mai albarka, amin.